An Ƙara Ruwa

Abujar da zan ba da labarinta ba wannan mai faffaɗan tituna ba ce. Tsohuwar ce, wadda daga baya aka sake wa suna Suleja, inda in ka fita bayan gari Dutsen Zuma ke tare maka rabin sama. A can na fara aikin albashi, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, a wani ƙaramin wuri da ake koyar da ginin tukwane irin na zamani. Ni ba magini ba ne. An ɗauke ni ne in riƙe makullin sito in kuma yi tafinta, domin shugaban wurin mutumin Kudu ne da ya koyo sana'ar a ƙasar waje, Hausarsa kuma ba ta wuce ta gaisuwa da cinikin doya ba. Oga muke ce masa. Ni kuma Akawu kowa ke kirana, ina jin daɗin sunan, har alƙalami nake maƙalawa a aljihu ko da ranar babu abin rubutawa.

Abin da ya raba aikin wurin da ginin ƙauye shi ne ƙyallin nan mai kama da gilashi da ake gani a jikin tangaran. Daga wani haɗi yake fitowa: dutse da aka niƙa ya yi laushi kamar gari, da tokar itace da aka wanke, da ɗan yumɓu, a dama su da ruwa. Sai a tsoma tukunya a ciki, ta sha iska, a jera ta a tanderu, wuta ta narkar da haɗin a jikinta. Oga yana da sunansa na Turanci, amma ma'aikata kunun dutse suke cewa, don da ido ba ka raba shi da kunun kanwa. Duk wahalarsa a kauri take. Ana tsoma yatsa a ɗaga. In ya rufe farce amma kana ganin layukan gaɓa, ya yi. In ya zube ya bar yatsa tsirara, ruwa ya yi yawa.

A shekarata ta biyu aka kawo wata maginiya daga Ushafa, Bagwariya, ko Gbagyi kamar yadda suke kiran kansu. Ta girme ni da shekaru da yawa, Mama nake ce mata. Tun tana yarinya take gini, da hannu kawai, tana zagaya tukunya da baya da baya har ta tashi, sannan ta zana mata ƙadangare da kifi da bakin wuƙa. Ba a ɗauke ta kai tsaye ba, an ce gwaji ne na 'yan watanni. Sharaɗin ƙarshe shi ne ta haɗa kunun dutsenta da kanta tun daga niƙa, ta tsoma tukwanenta, a gasa. In sun fito da ƙyalli ta zauna, in ba su fito ba ta koma gida. Ta taɓa gaya mini cewa dangin mijinta sun yi mata dariya ranar da za ta taho, suka ce tukunyar ruwa ba ta neman madubi. Ita kuwa abu ɗaya take so, ta ga ƙadangarunta a ƙarƙashin gilashi.

Hausarta irin ta mutanen wajen ce, namiji da mace duk “ya” ne. In za ta ce 'yarta ta zo, sai ta ce yarona ya zo. Ma'aikata suna kwaikwayonta, ni ma na sha yi, ita kuma ba ta bar mu haka ba. Ni sunan da ta sa mini Akawu mai hannun takarda, wai ko ƙwai aka ba ni sai na nemi a sa mini hannu kafin in karɓa.

Makonni ta yi tana niƙa. Ta zuba haɗin a wata randa da ta gina da kanta, aka ajiye a kusurwar sito. Ana cikin haka aka aiko surukarta ta rasu. Oga ya ba ta mako uku. Kafin ta tafi ta ja ni gaban randar ta nuna mini abin da zan yi: duk bayan kwana biyu in juya shi da muciya har ƙasa, in mayar da murfin katako, in jiƙa buhu in ɗora a kai. Ta ce randa tana shan ruwa ta jikinta, ga kuma bazara, in aka bar shi a buɗe zai mutu. Na ce mata ta tafi hankali kwance.

Sau biyu na juya shi. A rana ta biyar direban motar da ke kawo mana itace ya zo da labarin cewa babu mai cinye shi a wasan dirafti daga nan har Abaji. Ba mu da allo. Na shiga sito, idona ya faɗa kan murfin, faffaɗa, mai santsi. Muka zana masa gidaje da gawayi, muka tara murafan kwalba, muka zauna a gindin mangwaro. Ya cinye ni, na nemi ramuwa washegari, haka wasan ya zame mana na kullum da tsakar rana. Murfin bai koma ba. Buhun kuma wani ya ɗauka ya goge hannu. Ina shiga siton nan sau goma a rana, randar tana kusurwa, ban taɓa leƙa ta ba.

Ranar da wani ɗan garinsu ya ce gobe Mama tana tafe, na tuna. Na leƙa. Kunun ya bushe, ya ja da baya daga jikin randa, ya tsattsage kamar ƙasan tafki a ƙarshen rani. Na ƙwanƙwasa shi da makulli ya yi ƙara.

Da na je na gaya wa Oga a lokacin, da faɗa kawai zai yi, ya ɗaga gashin da 'yan kwanaki. Amma ni ne mai takardar makaranta a wurin, ni ake nuna wa baƙi, na kasa tunanin tsayawa gabansa in ce dirafti. Na rufe ƙofar sito, na ɗebo ruwa bokiti biyu na kwara a kai, na kama juyawa. Saman ya saki, ruwan ya yi fari, na ji sanyi a raina. Ƙasan ne ya ƙi. Can muciya take tokarar wani abu mai tauri kamar daɓe. Na sa wuƙa na ɓamɓare shi gutsure gutsure, na matsa da hannu bai narke ba. Na ɗauka datti ne da ya taru. Na kwashe na watsar a bayan sito, cikin ciyawa, gindin wata gwanda. Sannan na ƙara ruwa har ya kai shaidar da tsohon kunun ya bari a jikin randa, na goge gawayin murfin, na rufe. Ban san cewa abin da na zubar shi ne dutsen ba. Shi ya fi nauyi, shi ke kwantawa ƙasa, shi ne kuma ke zama gilashin. Toka da yumɓu na bar mata a cikin ruwa.

Ta iso da rana, da kayanta a kafaɗa yadda matansu ke ɗauka. Ko ruwa ba ta sha ba ta nufi randar. Ta tsoma yatsa ta ɗaga, ya zube. Ta sake tsomawa. Sannan ta dube ni.

“Akawu, ka juya shi?”

“Kullum, Mama.”

Ta je wajen Oga ta roƙi a ba ta 'yan kwanaki, ta ce kunun bai yi mata ba. Na fassara masa daidai, kalma da kalma. Ya ce an riga an tara itace, kayan sauran mutane suna jira, jibi za a rufe tanderu. In ya yi ruwa ta tsoma sau biyu. Wannan ma na fassara daidai. Ta tsoma sau biyu.

Bayan gashi sai an jira tanderu ya huce kwana uku. Da safe aka fasa ƙofarsa, kowa ya taru. Kayan sauran suka fito suna ɗaukar ido. Nata suka fito a bushe, toka toka, da kaushi kamar bayan guza. Zanen da ta yi ya nutse ƙarƙashin ɓawo, sai ka shafa da yatsa kafin ka san akwai ƙadangare a wurin. Oga ya ɗauki ɗaya ya juya ta a hannu. Mutum ne mai haƙuri, bai ɗaga murya ba. Ya ce in tambaye ta abin da ya faru.

Ta ce, “Oga, an ƙara ruwa.”

A lokacin Oga yana koyon Hausa daga wani ɗan littafi, kunnensa ya fara kama wasu kalmomi. Ya juyo gare ni ya tambaya da Turanci, me ta ce, “an” ko “na”? Domin in “an” ne, wani ne ya taɓa mata haɗi, kuma makullin sito a hannun mutum ɗaya yake.

Na ce masa, “Na.”

Ban tsaya nan ba. Na ƙara masa bayani cewa Hausar mutanen nan haka take, suna juya ƙananan kalmomi, wadda ke ce wa 'yarta “ya” ba za a riƙe ta a kan “an” ba. Abin da take nufi ita ta ƙara ruwan. Oga ya gyaɗa kai, domin ya sha jin ana yi mata dariya a kan haka. Ya ce abin takaici ne, hannunta a gini babu kamarsa, amma wanda bai iya riƙe kauri ba bai iya aikin ba. Ya ce ta zauna zuwa ƙarshen mako, motar itace ta rage mata hanya.

Na yi yawo bayan haka, na zauna da mutane iri iri, na ga kowane harshe yana da wurin ɓoye mai laifi. Faransanci yana da wata 'yar kalma mai aiki irin na “an” ɗinmu, har sautinsu ya yi kusa. Turanci kifa jimlar yake yi, abin da aka yi ya zo gaba, wanda ya yi ya ɓace. Yarbawa sukan ce “su” ne suka yi, ba a san su wa ba. Amma ban san wani harshe ba inda tsakanin ba kowa da ni kaina haruffa biyu ne aka juya. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Mama ta san wanda ya ƙara ruwan. Tana iya nuna ni da yatsa. Ta ce “an” ne don kara, kada ta kunyata ni gaban shugabana, ta bar mini wuri in fito da kaina in ce ni ne. Hausar da nake cewa ba ta iya ba, a ranar ta fi ni iya ta.

Kwana huɗu suka rage mata. Na ɗauka za ta zauna a masauki ta ɗaure kaya. Washegari da na zo buɗe sito na same ta a bakin ƙofa, da turmi da taɓarya, da wata ƙwarya a rufe. Ta buɗe ƙwaryar. Gutsattsarin nan ne da na watsar, ta tsinto su ɗaya ɗaya daga gindin gwanda, har da ciyawa a jikin wasu. Ba ta dube ni ba. Ta ce in buɗe mata, za ta gyara kunun, kada ya lalace a banza, dutsen ya sha niƙa.

Na tsaya ina kallo, ba ta kore ni ba. Da farko ta bar randar ta kwanta, ta kwashe ruwan sama da ludayi a hankali ta ajiye shi gefe, ba ta zubar ba, ta ce ƙarfin toka yana cikinsa. Gutsattsarin ta goge su, ta shanya a rana har suka bushe ƙamas, ta ce busasshe sosai ya fi shan ruwa a kan mai ɗanshi. Ta daka su suka koma gari. Sai ta yi abin da ban taɓa tunani ba: maimakon ta zuba ruwa a kan garin, garin ta riƙa barbaɗawa a kan ruwa, kaɗan kaɗan, kamar mai yin talge, tana jira kowane ya nutse. Ta rufe, ta ce kada a taɓa sai gobe.

Ta ce, “Shi ba a tilasta shi. Kai ka zo da muciya kamar ɗan sanda.”

Iyakar abin da ta faɗa ke nan a kan laifina, kuma tana faɗa tana wanke ludayi.

Rana ta biyu ta naɗe hannun riga ta zura hannu har kafaɗa, ta riƙa murje shi daga ƙasa da yatsu. Ta tace shi da rariya mai ƙananan ido zuwa wani baho, abin da ya tsaya a rariya ta murza shi da tafin hannu har ya wuce, ta sake tacewa ta mayar randa. Rana ta uku ta rage ruwan da ya taso, ta juya, ta tsoma yatsa. Ya ɗan yi kauri. Ta ƙara daga ruwan tokar da ta ajiye, rabin ludayi, ta juya, ta sake gwadawa, ta ƙara wani rabin. Sannan ta ɗaga yatsan a gaban fuskata. Farcen ya rufe, layukan gaɓa suna nan ana ganinsu. Ta goge a zaninta, ta ɗora murfin, ta shafa shi inda gawayin bai gama fita ba, ta jiƙa buhu ta rufa. Ran huɗu ta hau motar itace.

A gashi na gaba Oga ya ga randar cike, ya gwada da yatsa, ya ce a yi amfani da shi kada a yi asara. Aka tsoma kofuna da faranta na sauran ma'aikata. Suka fito kore shar, mai zurfi, kamar ruwan rafi a ƙarƙashin inuwa. Oga ya daɗe yana duba wani kofi a hasken rana. Ya ce abin mamaki ne, haɗi ɗaya, wancan karon ya ƙi, wannan ya yi. Ya tambaye ni ko na san abin da ta yi masa kafin ta tafi. Ga ƙofa a buɗe karo na biyu. Ushafa tafiyar yini ce, da an aika da direba ya dawo da ita. Na ce masa na dai ga tana tacewa.

Ba a yi shekara ba Oga ya koma Kudu, ni ma na bar aikin. Na zauna a Damagaram, na zauna a Tamale, na je har birnin Fas inda na ga masu tangaran suna dama nasu haɗin a manyan kwatarniyoyi. Duk inda na ga an tsoma yatsa an ɗaga, sai in kau da kai.

Sama da shekara goma bayan haka, lokacin da aka fara maganar za a kawo babban birnin ƙasa yankin, na dawo ina yi wa wasu masu awon ƙasa tafinta. Aiki ya kai mu kusa da Ushafa. Na nemi izinin rabin yini na shiga garin ina tambaya. Aka nuna mini bayan wani gida inda hayaƙi ke tashi. Tana gashi irin nasu, a fili, da itace da ciyawa. Tana jawo tukwane daga wuta da doguwar sanda, tana yayyafa musu ruwan makuba da ganye tun suna da zafi, suna tsuwa suna komawa baƙi mai sheƙi. Ta yi furfura. Ta gane ni tun daga nesa.

“Akawu mai hannun takarda. Ka yi tumbi.”

Muka gaisa, na tambayi yara, ta tambayi iyali. Na daɗe ina shirya maganar a hanya, amma da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, “Mama, maganar kunun nan, an yi miki ba daidai ba.”

Ta tsaya da ganyen a hannu.

“An? Ni Hausana bai da kyau, kai ne malam. An, ko ɗayan?”

Sai a lokacin na gane. Ba ta jin Turanci, amma ranar nan a bakin tanderu kalmomi biyu na Hausa ne suka fito a cikin tambayar Oga, ɗaya kuma ta fito a amsata. Ta ji su duka.

Na ce, “Na. Ni na ɗauke murfin, ni na zuba ruwan, ni na watsar da dutsen, ni na juya maganarki.”

Ta jawo wata tukunya ta yayyafa mata makuba. Ta ce ita ta san wannan tun ran nan, ba ita ce mai bukatar ji ba, in je in faɗa wa Oga. Na ce ya tafi tuntuni, ban san inda yake ba. Ta ce to.

Na tsaya ban san yadda zan yi sallama ba. Can ta tambaye ni ko an yi amfani da kunun da ta gyara. Na ce an yi. Ta ce ya yi ƙyalli? Na ce ya yi, na kwatanta mata launinsa iya ƙoƙarina. Ta saurara sosai, sandar a jingine a kafaɗarta.

“A kan me aka sa shi?”

“Kofuna, Mama. Da faranta.”

“Babu ƙadangare.”

“Babu.”

Ta gyaɗa kai. Sai ta ce in ɗan matsa, wuta tana neman tukunyar da ke bayana.

Da na koma masauki na rubuta wa Oga wasiƙa, na faɗi komai, na aika ta adireshin ƙarshe da na samu. Bayan wata biyu ta dawo mini ba a buɗe ba. Tana nan a cikin akwatina.